Abdou Moumouni da injin da rana ke hura wa wuta

Jirgin ƙasa ya shiga Kano a shekarar 1911, yana huci yana tofar da baƙin hayaƙi. A 1929 dogo ya kai Ƙauran Namoda, a 1930 ya kai Nguru, daga nan ya ja birki. Bai tsallako iyaka ba. Mutanen Adar da Magiya da kwarin Tarka sun san jirgin, amma a wajen cin rani suka san shi. Wanda ya sauka Gusau ko Kano ko Jos neman kuɗin haraji, shi ke komowa Madawa ko Buza da labarin wani ƙarfe mai cin gawayi da shan ruwa, mai jan kayan da ayari guda na raƙuma ba zai ɗauka ba. Zamanin tururi, wanda ya ɗaga Ingila har ta shimfiɗa mulkinta gabas da yamma, ya zo ya wuce bai yi wa ƙasar Nijar ko sallama ba.

Ana yawan ɗora wa Faransa laifin, kuma ba a yi mata ƙarya ba. Ba ta ga abin kwasa a nan da zai biya kuɗin shimfiɗa dogo ba, tun da gyaɗar Maraɗi da Damagaram ma ta Kano take fita. Amma akwai wani dalili da ba a cika faɗi ba. Injin tururi mai ci ne, kullum sai an cika masa ciki da gawayin ƙasa ko itace. Nijeriya ta dace da gawayi a Inugu, aka fara haƙarsa tun lokacin yaƙin duniya na farko. Namu gawayin yana can kwance a Anu Araren, arewa da Agadas, ba a soma cin moriyarsa ba sai wajen 1980. Itace kuwa, duk wanda ya san duwatsun Keita da fakon Buza ya san mata ma da ƙyar suke samun na dafa tuwo. Da wanne za a ciyar da inji?

A cikin ƴan ƙasar akwai mutum guda da ya zauna ya dubi wannan lissafi, ya ga cewa wutar da ake nema tana bisa kanmu tun hantsi har la'asar, kuma babu mai sayar da ita. Sunansa Abdou Moumouni Dioffo. Yau yara sun fi sanin sunan a ƙofar jami'ar Yamai, in kuma aka ce ya yi aiki a kan makamashin rana, sai su zaci farantan nan na sola ake nufi, waɗanda ke bisa rufin shaguna da masallatai. Ya san su, ya yi aiki da su, amma abin da ya fi ƙwallafa rai a kai inji ne mai fistin da tururi, wanda rana za ta zama murhunsa.

Injin tururi ba shi da wuyar ganewa. Duk wadda ta taɓa ɗora tukunya ta rufe ta ga yadda marfi ke rawa idan ruwa ya tafasa. Ruwa in ya koma tururi yana neman wuri fiye da ninki 1,600 na wanda ya ci yana ruwa, don haka in aka kulle shi sai ya ture duk abin da ya tare masa hanya. Masu ƙira sai suka sa masa fistin a cikin bututu, tururi ya motsa shi, a sanyaya tururin ya koma ruwa, fistin ya komo, a sake daga farko. Wannan kai da komowa shi ake ɗaura wa famfo ko ƙafar jirgi. Thomas Newcomen ya kafa na farko mai aiki sosai a Ingila a 1712, kuma ruwa yake zuƙowa daga ramukan haƙar ma'adinai. James Watt ya zo ya ware wa sanyaya tururi nata ɗaki dabam, ya rage cin gawayi ƙwarai, ya sami takardar mallakar wannan dabara a 1769. Jirgin ƙasa daga baya can ya zo. Sana'ar injin tururi ta farko ita ce ɗago ruwa daga ƙasa, kuma wannan ita ce matsalar da ta daɗe tana ci wa manomin rani na jihar Tawa tuwo a ƙwarya.

A kwarin Tarka ruwa ba shi da nisa, a wurare da yawa gaba biyu ko uku ka tarar da shi. Sai dai kafin zuwan injuna, mai garkar albasa tun asuba yake tsayawa bakin rijiya da ƙwarya ko guga ɗaure a igiya. Ya jawo, ya juye a bakin magudana, ruwa ya bi ya nufi fangali, yaro na can da fartanya yana buɗe wannan yana toshe wancan. Albasa ba ta yafe sha, haka za a yi ta har wata uku ko huɗu. Girman garka bai wuce ƙarfin kafaɗar mai ita ba. Ga ƙasa mai kyau, ga ruwa, ga masu saye har Kumasi da Abijan, amma abin ɗago ruwan ne babu.

Abdou Moumouni ba shi ne farkon wanda ya yi tunanin haɗa rana da tururi ba. Wani malamin lissafi Bafaranshe, Augustin Mouchot, ya ƙera madubi da ke tara hasken rana a kan tukunyar ƙarfe, ya tafasa ruwa ya tuƙa ƙaramin inji tun a shekarun 1860. A babban baje kolin Paris na 1878 ya ba mutane mamaki da ya fitar da ƙanƙara da zafin rana. Gwamnatinsa ta yaba, sannan ta janye hannu, don gawayi ya yi arha. Ya mutu cikin talauci a 1912. Shekara guda bayan haka, wani Ba'amurke mai suna Frank Shuman ya jera dogayen madubai guda 5 masu lanƙwasa a Ma'adi, kusa da Alƙahira, kowanne tsawonsa ya kai mita 60. Tururin da suka tayar ya tuƙa injin da ke ɗebo dubban litoci na ruwan Nilu a kowane minti zuwa gonaki. Yaƙin 1914 ya watsa ma'aikatan, bayan yaƙi kuma duniya ta koma kan man fetur. Sau biyu ke nan dabarar tana aiki, sau biyu arhar mai da gawayi tana kashe ta. Abdou Moumouni ya gaji wannan dabara, kuma kamar yadda za a gani, har da ƙaddararta ya gada.

An haife shi a Tasawa ranar 26 ga Yuni 1929, ko da yake asalin gidansu Zabarmawa ne daga yammacin ƙasar. Ya yi lakwal a Damagaram da Yamai, daga nan aka tura shi makarantar William Ponty ta Senegal, inda Faransa ke horar da malamai da akawuna da mataimakan likita na ƙasashen da take mulka. An shirya makarantar don ta fitar da masu taya Bature aiki, shi kuwa bai tsaya inda aka shata masa ba. Ya wuce Dakar, ya wuce Paris, ya karanta ilimin fizik. A 1956 ya ci jarrabawar nan mai tsanani da Faransa ke tace manyan malamanta da ita, wadda suke kira agregasiyo, kuma shi ne na farko daga ƙasashen Afirka baƙar fata renon Faransa da ya ci ta a wannan fanni.

Da ya so, da ya zauna Turai ya ci albashinsa lafiya lau. Amma ɗan gwagwarmaya ne tun yana ɗalibi. Yana cikin jagororin ƙungiyar ɗaliban Afirka a Faransa, FEANF, kuma yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar PAI a 1957, mai neman ƴancin kai ba tare da jeka-ka-dawo ba. A Satumbar 1958 Gini ta ce a'a ga tayin Janar de Gaulle, Faransa ta yi fushi ta kwashe malamanta da ma'aikatanta. Abdou Moumouni yana cikin ƴan bokon Afirka da suka tattara suka tafi Konakiri don kada azuzuwa su zauna babu malami. Ya komo gida ya koyar na ɗan lokaci, amma Nijar ta wancan zamani, inda aka haramta jam'iyyar Sawaba a 1959, ba wurin sakewa ba ce ga mai irin ra'ayinsa. A farkon shekarun 1960 ya tafi Tarayyar Sobiyet, ƙarƙashin cibiyar kimiyyarta ta ƙasa, kuma a can ya duƙufa a kan makamashin rana.

Shekarar 1964 ita ce ta nuna ko wane ne shi. A cikinta ya fitar da littafinsa a kan ilimi a Afirka, "L'Éducation en Afrique", inda ya soki makarantar da mulkin mallaka ya bari, ya nemi a koyar da yara da harsunansu, a kuma haɗa karatu da aikin da al'umma ke rayuwa a kansa. A cikinta kuma ya rubuta doguwar maƙala a mujallar Présence Africaine a kan makamashin rana a ƙasashen Afirka. Mutane kan ɗauki waɗannan a matsayin ayyuka biyu na mutum mai baiwa biyu. Ni a ganina aiki guda ne. Wanda ya ce yaro ya koyi lissafi da harshen uwarsa, shi ne zai ce ƙasa ta ƙera injinta da hannun ƴaƴanta. A wannan shekara ya koma Bamako, ƙarƙashin mulkin Modibo Keita, ya koyar a babbar makarantar horar da malamai, ya kuma kafa ɗakin binciken makamashin rana na Mali. A 1967 ya kare babban digirinsa na dokta a Paris, a kan yadda zafi ke taruwa a gaban madubi mai lanƙwasa. Sojoji suka kifar da Modibo a Nuwambar 1968. A 1969 Abdou Moumouni ya komo Yamai ya karɓi ragamar ONERSOL, ofishin makamashin rana da gwamnatin Diori Hamani ta kafa tun 1965, lokacin da ƙasashe da yawa masu arziki ba su da irinsa.

A shekarar da ya komo aka kafa famfon rana a ƙauyen Bosai Bangu, kusa da Yamai. Ƙirar ta fito ne daga Dakar, daga wani injiniya Bafaranshe mai suna Jean-Pierre Girardier, wanda daga baya ya kafa kamfanin Sofretes a 1973. Yadda irin wannan famfo ke aiki ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne dukan cacar take. Ana shimfiɗa faffaɗan kwano a shafe shi baƙi, a bi bayansa da siraran bututu, a rufe da gilashi. Rana ta daki kwanon, ruwan da ke cikin bututun ya yi zafi har digiri 70 ko 80. Wannan zafi bai isa ya tafasa ruwa ba, tun da ruwa sai a digiri 100 yake tafasa. Sai aka yi dabara. Ruwan zafin ya bi ta jikin wata tukunya da ke ɗauke da wani ruwa mai saurin tafasa, ko gas ɗin nan butan na girki, ko furiyon da ake sa wa firij. Shi wannan sai ya tashi ya zama tururi mai ƙarfi, ya tura fistin, fistin ya motsa famfo. Ruwan rijiya mai sanyi da famfon ya ɗago, kafin ya wuce tanki, sai ya bi ta jikin wani bututu ya sanyaya tururin ya mai da shi ruwa, a sake zagayowa. Rijiyar da kanta take ba injin sanyin da yake bukata. Da hantsi ya ɗaga sai ka ji ya soma bugawa a hankali, da azahar ya kai ƙarfinsa, da la'asar sakaliya ya yi shiru. Babu hayaƙi, babu mai, babu wanda za a aika gari da jarka.

A ƙarshen shekarun 1970 an kafa manyan irinsa don noman rani a Karma, bakin kogin Kwara, da kuma Tabalak, bakin tafkin nan da ke arewa maso gabashin Tawa, maƙwabcin ƙasar Keita. Nan ne mafi kusa da wannan inji ya zo ga manoman Adar.

Amma famfon yana da lahani a cikin jininsa, kuma masanin fizik kamar Abdou Moumouni ba zai kasa ganinsa ba. Tun 1824 wani Bafaranshe, Sadi Carnot, ya nuna cewa duk injin da ke aiki da zafi, abin da zai iya mayarwa ƙarfi ya dogara ne ga tazarar da ke tsakanin ɓangarensa mai zafi da mai sanyi. In mai zafi yana digiri 70, ruwan rijiya kuma yana 30, ko da injin ba shi da aibi ko kaɗan, ba zai ba ka fiye da kashi 12 cikin 100 na zafin da ya sha ba. A aikace kuwa kashi 1 ko 2 ake samu. Ma'ana, don ka sami ƙarfin ɗan ƙaramin inji sai ka shimfiɗa kwano da gilashi mai faɗin tsakar gida, ka biya kuɗin ƙarfe mai yawa. Maganin a bayyane yake ga wanda ya yi digirinsa a kan madubi: a ƙara zafi. A tara hasken fili mai faɗi a kan bututu guda, yadda Shuman ya yi a Masar, zafi ya haura digiri ɗari da ɗoriya, tazara ta buɗe, inji ya ƙanƙance, ƙarfi ya ƙaru. Wannan hanya ya bi. Ya tsara nasa injin, wanda aka sa wa sunan ONERSOL, ya haɗa kai da kamfanin Spilling na Hambog a Jamus, waɗanda ƙirar injunan tururi ce sana'arsu, don a fitar da shi daga takarda zuwa ƙarfe.

Ita ma wannan hanya tana da nata ƙaya. Madubi mai tara haske sai yana bin rana daga gabas zuwa yamma, kuma hasken da ya zo kai tsaye kaɗai yake iya tarawa. In hazo ya sauko a watan Janairu da Fabrairu, rana ta koma fara fat a sama har kana iya kallonta da ido, madubi ya rasa abin tarawa, ƙura kuma ta kwanta masa a fuska sai an bi ana gogewa. Lokacin kuwa shi ne tsakiyar shan albasa. Wannan yana cikin dalilan da suka sa auna hasken rana a Yamai, shekara da shekaru, ya zama babban aiki a ONERSOL. Aiki ne marar armashi, ba a kiran minista ya yanke ƙyalle a kansa, amma in babu shi duk ƙira shaci-faɗi ce.

To me ya sa mutum mai wannan ilimi ya riƙe injin zafi, alhali faranti mai mayar da haske lantarki ya riga ya fito? Nijar ma tana cikin ƙasashen farko a duniya da suka yi amfani da shi a ƙauye: tun 1968 aka fara kunna talabijin ɗin koyarwa a lakwal da farantan sola. Amsa ta farko kuɗi ne. A wancan lokaci faranti kayan kumbon sama ne, tsadarsa ta fi ƙarfin noma. Amsa ta biyu ita ce ta fi nauyi a wurina. Ƙwayar da ke cikin farantin sola ana yin ta ne a masana'antu masu tsabtar da ta wuce ta ɗakin tiyata, babu maƙeri ko mai walda da zai kwaikwaye ta, in ta lalace kuma babu gyara. Injin zafi kuwa kwano ne da bututu da gilashi da fistin da bawul. Kowane yanki nasa abu ne da ake iya yankawa, a lanƙwasa, a yi wa walda, a kwance a ɗaura. Ƙasar da ta koyi yin sa ta koyi aikin ƙarfe gaba ɗaya. Shi ya sa ONERSOL a zamaninsa ba ta tsaya ga bincike ba, ta buɗe sashen ƙira a Yamai. An yi tankunan ɗumama ruwa da rana aka ɗora a bisa gidaje da ma'aikatu, an yi na'urorin tace ruwa da murahun dafuwa, an gwada na busar da kayan gona, har da albasa. Wanda ya taɓa ganin yadda albasa ke ruɓewa a rudu kafin farashi ya tashi, ko yadda ake zubar da ita da arha a kasuwar Arewa da Tunfafi lokacin kaka saboda kowa ya cire a mako guda, ya san wannan gwaji na ƙarshe ba wasan ɗakin bincike ba ne.

Kuɗin yuraniyom na zamanin Seyni Kountché sun ɗan ba aikin iska. Daga 1979 aka ƙara masa nauyin shugabancin jami'ar Yamai na ƴan shekaru. Sannan komai ya juya a lokaci guda. Farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, baitulmali ya bushe, masu ba da bashi suka zo da sharuɗɗan tsuke bakin aljihu. Kamfanin Sofretes ya rufe a 1983, famfunansa da ke warwatse a Sahel suka rasa mai kawo kayan gyara, in roba guda ta tsage furiyon ya tsere sai inji ya tsaya cak. Farin 1984 ya mai da hankalin kowa kan abin da za a ci yau. Farashin faranti ya yi ta sauka, a 1986 kuma farashin ɗanyen mai ya rushe a duniya. Abin da ya sami Mouchot da Shuman ya sake maimaituwa. Abdou Moumouni ya bar ONERSOL a 1985. Ya rasu a Yamai ranar 7 ga Afrilu 1991, Allah ya jiƙansa. A shekarar da ta biyo aka sa wa jami'ar sunansa.

A Adar da Magiya da kwarin Tarka kuwa, tarihi ya bi wata hanya dabam. A kwarin Magiya, cikin ƙasar Buza, tun 1975 aka fara jera layukan dogon yaro don tare iska. A Keita babban aikin raya karkara da Italiya ta ɗauki nauyinsa tare da hukumar FAO ya soma a 1984, mata suka yi ta dakon duwatsu a ka ana ɗaure ƙoramu, aka dasa miliyoyin itatuwa. Waɗannan duka aikin tsare ruwa da ƙasa ne. Ɗago ruwan kuwa, wanda ya zo ya warware shi ɗan ƙaramin injin ban ruwa ne mai shan fetur, wanda mutum guda ke ɗaurawa a bayan babur. A shekarun 1990, da rijiyoyin bututun roba suka bazu a kwarin Tarka, injin ya bi su garka garka, daga Karofan har Sabon Gida. A lokacin man Nijeriya mai arha yana tsallako iyaka a jarkoki. Garkar da a da ba ta wuce ƙarfin kafaɗa ba ta ninka sau da yawa, manyan motoci suka riƙa lodin albasa zuwa Gana da Kodebuwa.

Gaskiya ɗaya ce, kuma ba ta rage wa Abdou Moumouni daraja: a wajen manomi wannan ɗan inji ya fi duk abin da aka kafa a Bosai Bangu da Tabalak amfani. Yana da arha, yana tafiya inda aka kai shi, yana aiki ko da dare. Amma a duba dalilin da ya sa ya zauna da gindinsa. A Madawa da Tamaske akwai bakanike a bakin kasuwa da zai kwance shi a kan buhu, ya wanke kafireto, ya canza fulogi da zoben fistin, ya ɗaura kafin mai shi ya gama cinikinsa. Har ma wasu sun koyi juya shi ya koma shan gas ɗin girki maimakon fetur, wato butan ɗin nan da a da aka kulle a cikin famfon rana yana zagayawa ba ya ƙarewa, yanzu ƙona shi ake yi. Inji ya rayu ne saboda hannun gida ya iya shi. Wannan kuwa ita ce hujjar Abdou Moumouni tun farko, sai dai a kan injin wasu ta tabbata, ba a kan nasa ba.

Kuma dogaro da na wasu yana da ranar biya. A ƙarshen Mayun 2023 Nijeriya ta cire tallafin mai, farashin jarka ya yi tsalle a duk garuruwan bakin iyaka. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, Nijeriya ta katse kuran da take ba Nijar har tsawon watanni. Manoma da yawa suka juya ga farantan sola da ƙananan famfunan lantarki, waɗanda yanzu arharsu ta kai inda ba wanda ya yi mafarki a 1970. A Malbaza, maƙwabciyar Madawa, tashar sola mai ƙarfin megawat 7 tana aiki tun 2018. Rana dai ta shigo garka kamar yadda ya yi fata, amma a cikin kwali ta zo, yawanci daga Sin, kuma in ƙanƙara ko dutsen yaro ya fasa faranti sai dai a sayi wani.

Tururi ma bai mutu ba. A Anu Araren, tun farkon shekarun 1980 kamfanin Sonichar ke ƙona gawayi yana tafasa ruwa, tururin yana juya injunan da ke ba Agadas da ma'adinan Arlit wuta. A Warzazat ta Maroko kuwa, tashar Noor ta farko mai megawat 160 ta fara aiki a 2016 da dogayen madubai masu lanƙwasa da ke bin rana, suna tara zafi a kan bututu, zafin yana tayar da tururi. Har ajiye zafin suke yi a cikin narkakken gishiri don a ci gaba da samun wuta bayan faɗuwar rana, abin da faranti ba ya iyawa sai da batir. Hanyar da Abdou Moumouni ya bi ke nan, an girmama ta an zuba mata kuɗi. Ashe lissafinsa na fizik daidai ne. Abin da bai samu ba shi ne ƙasa mai ƙarfin riƙe bincike na shekara talatin ba tare da ta saki ba duk lokacin da farashin wani abu ya motsa a Landan ko Paris.

Ofishin da ya jagoranta ya canza suna, ya zama CNES, daga baya ANERSOL, kuma ana tunawa da shi kowace ranar 7 ga Afrilu da jawabai. Jawabi bai isa ba. Zane-zanen injinsa da alƙaluman hasken da ya auna ya kamata a fito da su a sa a hannun ɗaliban jami'ar Tawa da na makarantun koyon sana'a na Madawa da Buza da Keita. A fassara bayanin yadda famfon ke aiki zuwa Hausa da Tamashek, yadda shi da kansa ya nemi a yi da kowane ilimi, don mai walda da bakanike su karanta su ce ga inda za a gyara. Kuma a Tabalak akwai sauran dattawan da suka ga famfon nan da idonsu. A je a ɗauki bayaninsu tun suna raye.